Rami a Gonar Anupras

Da hantsi na kafa shebur
a gefen gonar Anupras, kudancin Lituwaniya,
inda itatuwa ke da allura maimakon ganye,
inda ruwan sama ba ya kwana a doron ƙasa.

Tsohon ya jingine kekensa, ya tsaya kaina.
Ya ce, "Rimgaile, me kika yar a nan?
Kakana ya haƙa wajen nan ya binne doki,
bai iske komai ba sai wannan da kike watsarwa."

Taƙin farko baƙi-baƙi ne,
saiwoyi sun saƙa shi, yana warin ruɓaɓɓen ganye.
Ƙarƙashinsa fari fat, sai ka ce tokar murhu,
alhali wuta ba ta taɓa sauka nan ba:
ruwa mai tsami ne ya bi ta ciki, shekara da shekaru,
ya wanke kowace ƙwaya, ya kwashe mata launi.
Abin da ya sata bai je da shi nesa ba.
Ga shi ƙasa kaɗan, ja kamar tsatsar tsohon kwano.

Daga nan kuma yashi.
Kamu biyu, yashi. Kamu huɗu, yashi.
Ramin ya shanye ni har wuya,
bangonsa na zubo mini cikin takalmi,
ban taɓa dutse ba, ban taɓa laka ba,
sai wasu siraran zare ja-ja a kwance,
kamar wanda ya fara ja layi ya fasa rubutu.

Na ɗebo, na jiƙa, na dunƙule a tafi.
Da na buɗe hannu ya watse,
kamar taron da aka ce wa tukunya ta ƙone.

Na ce masa, tsaunin ƙanƙara ne ya taso daga arewa
da jan ciki, yana niƙa duwatsu a ƙarƙashinsa.
Nan kusa ya gaji, ya narke.
Ruwansa ya yi tankaɗe:
manyan duwatsu suka tsaya baya,
laka ta bi kogi ta yi gaba,
tsakin ya zube a nan, ya zama gonarka.

Ya ce, "Ashe dusa aka bar mana."

Takardata gida-gida ce:
zurfi, launi, girman ƙwaya, saurin wucewar ruwa.
In jan nan ya yi kauri, ƙasar na da suna nata;
in bai kai ba, a tura ta cikin dangin yashi
waɗanda fuskarsu ba ta gama fitowa ba.
Na auna sau uku. Saura faɗin yatsa biyu.
Shekara dubbai tana aiki,
yatsa biyu suka hana ta suna.

Anupras ya yi dariya har da tari.
"Mu iri uku muka sani:
mai ba da dankali,
mai ba da hatsi in an lallashe ta,
da wadda muka sallama wa daji da naman kaza."
Na ce, wannan fa?
"Wannan? Shekara arba'in tana cin takin shanuna.
Kafin kaka ta manta."

Zan fito ke nan shebur ya yi ƙara.
Dutse ɗaya tilo, ja, sumul, girman kan jariri.
Babu irinsa a duwatsun ƙasar nan;
daga hayin teku ƙanƙara ta goyo shi,
ta sauke, ba ta dawo ɗauka ba.
Takardata ba ta da gidansa.

Tsohon ya karɓa, ya jinjina, ya goge da hannun riga.
Ya ce murfin gangar kabejinsa na neman abin dannewa.
Ya ɗaure shi a bayan keke.

Ni kuwa na mayar da ramin yadda na same shi:
yashi tukuna, sannan tsatsa, sannan toka,
baƙin a sama.
Kafin in rufe jaka aka fara yayyafi.
Na tsaya ina kallon inda yake sauka.
Ko ɗigo ban gani ba.